Tambayoyi da amsoshi kan inganta sautin sifikokin gaba a mota ga mai yin aikin da hannunsa

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu motoci da suke son gyara sautin motarsu da kansu. Amsoshin sun ginu ne a kan abu guda, wato yadda aka girka sifika da yadda aka saita ta sun fi tsadarta tasiri a kan abin da kunne zai ji.

Me ya sa ake cewa a fara da sifikokin gaba, alhali manyan sifikoki a baya suke?

Saboda kunnuwan ɗan Adam gaba suke fuskanta, kuma duk wanda ya taɓa zama a wajen wa'azi ko wajen kiɗa ya san cewa daga gabansa murya take zuwa masa. Manufar sauti mai kyau a mota ita ce mai sauraro ya ji kamar mai karatu ko mawaƙi yana tsakiyar dashbod, kayan kiɗa kuma suna dama da hagunsa. Idan sifikokin baya suka rinjayi na gaba, murya za ta riƙa fitowa daga bayan ƙeya, kalmomi su cakuɗe, mutum ya yi ta ƙara murya ba tare da ya ƙara fahimtar abin da ake faɗi ba. Kusan duk abin da muke saurare a mota, daga karatun Alƙur'ani da tafsiri zuwa labarai da waƙa, muryar mutum ce ginshiƙinsa, kuma sifikokin gaba ne suke ɗauke da ita.

Na sayi sababbin sifikoki masu tsada, amma kaurin sautin ya ragu a kan na da. Ina matsalar take?

Wannan shi ne ƙorafin da ya fi kowane yawa, kuma ba kasafai laifin sifikar ba ne. Sifikar da kamfanin mota ya saka tana da faifai mara nauyi, yawanci na takarda, wanda aka ƙera domin ya motsa da ɗan ƙarfin da rediyon mota yake bayarwa, kuma an zaunar da ita a mazaunin da ya rufe ta ruf. Sabuwar sifika tana iya zuwa da faifai mai nauyi wanda yake buƙatar ƙarfin da rediyon ba shi da shi, sannan sau da yawa akan ɗaura ta da sukuru biyu, a bar giɓi a gefenta.

Wannan giɓin shi ne babbar ɓarna. Duk lokacin da faifan sifika ya turo iska gaba, yana janye iska ta baya a daidai wannan lokaci, don haka sautin gaba da na baya kishiyoyin juna ne. Idan suka sami hanyar haɗuwa, sai su kashe juna, kuma sauti mai kauri ne yake fara mutuwa, domin zangonsa dogo ne: a haz 80, wato kaɗawa 80 a daƙiƙa ɗaya, tsawonsa ya haura mita 4, yana zagaye gefen sifika cikin sauƙi. Kafin a zargi sifikar, a duba giɓin, sannan a duba ko an juya wayoyinta.

To, yaya ake gyara ƙofar ta zama mazauni mai kyau?

Fatar ganga ba ta amo sai an ɗaure ta tam a jikin itace mai ƙwari, kuma ƙofar mota ita ce jikin da aka ɗaure sifika a kai. Matsalar ita ce ba domin sauti aka ƙera ta ba. Siririn ƙarfe ce mai girgiza, kuma ɓangarenta na ciki cike yake da manyan ramuka da aka bari domin bakanike ya kai hannu ga injin gilashi da makulli.

Aikin yana da matakai uku, kuma bin su daki-daki yana da muhimmanci. Da farko a cire murfin ƙofa a hankali, domin ƙananan maƙalan roba da suke riƙe shi suna bushewa a ƙasashe masu zafi, suna karyewa da ɗan ja kaɗan, don haka yana da kyau a tanadi sababbi tun kafin a fara. A ɗaga ledar da take kare ruwa ba tare da an yaga ta ba. Sai a goge ƙurar da ta taru a bangon ƙofa na waje, ta ciki, har ƙarfen ya yi fes ya bushe, domin babu abin da zai manne a kan ƙurar hunturu. A nan ake liƙa tabarmar hana girgiza, a danne ta sosai da ɗan gungumen katako ko ƙotar sukuddireba har ta kama ƙarfen ko'ina ba tare da iska a ƙarƙashinta ba. Ba dole ba ne a rufe bangon gaba ɗaya, domin rufe kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabinsa, musamman tsakiyar wurare masu faɗi da kuma daidai bayan sifika, yana kawar da mafi yawan girgizar. Ana gane an yi nasara idan aka ƙwanƙwasa ƙofar daga waje aka ji sautin ya mutu nan take maimakon ya yi ƙarar gwangwani.

Mataki na biyu shi ne toshe ramukan bangon ciki, domin a raba sautin baya da na gaba. Ana iya yanka siririn falle na alminiyam ko roba mai tauri daidai girman kowane rami, a ɗaure shi, a bi bakinsa da tabarmar, amma a yi shi ta yadda za a iya cirewa ranar da injin gilashi ya lalace. A tabbatar sandunan makulli da wayoyi suna motsi ba tare da sun maƙale ba. Akwai ƙananan ramuka a can ƙasan ƙofa waɗanda ba a taɓa su ko kaɗan, domin ta nan ruwan saman da ya bi gilashi ya shiga yake fita, kuma wanda ya toshe su zai tarar ƙofarsa ta fara tsatsa bayan damina.

Mataki na uku ƙarami ne, amma ana yawan mantawa da shi. A zagaye fuskar sifika da zoben soso mai kauri wanda zai taɓa murfin ƙofa idan an mayar da shi, domin sautin ya bi ragar murfin kai tsaye ya shiga cikin mota, kada ya ɓace a tsakanin murfi da ƙarfe yana kaɗa roba. A ganina, wanda kuɗinsa bai kai ya sayi sifika ya kuma gyara ƙofa a lokaci guda ba, gara ya fara da ƙofar.

Wace irin tabarmar hana girgiza ce ta dace da zafin yankinmu?

A nemi ta robar butil mai fuskar alminiyam, irin su Dynamat da makamantanta. Akwai mai arha wadda aka yi da kwalta, har da wadda ake liƙawa a rufin gida domin hana yoyo, kuma ana ganin ta a kasuwa tana kama da ta butil. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin bazara yake haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka ajiye a rana yana iya wuce digiri 60. A irin wannan zafi kwalta tana laushi, ta yi wari, ta zame ta gangara cikin ƙofa, har ta iya ɓata gilashi. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce shinshinawa, domin ta kwalta warin sabon titi take yi.

Yaya zan gane ko na juya wayoyin sifika?

Idan sifika ɗaya tana turo faifanta waje a lokacin da ɗayar take janye nata ciki, kaurin sauti zai ɓace, murya kuma ta rasa takamaiman wurin da take fitowa. Gwaji na farko ba ya buƙatar kayan aiki: a kunna kiɗa mai ganga, a karkatar da sautin gaba ɗaya zuwa ƙofa ɗaya ta maɓallin daidaita dama da hagu, sannan a dawo da shi tsakiya. Idan kaurin ya fi yawa a gefe ɗaya fiye da a tsakiya, to an juya waya a ɗaya daga cikin ƙofofin.

Domin tabbatarwa, a cire wayoyin sifikar daga rediyo, a taɓa su na ɗan lokaci da ƙaramin batir mai bolt 1.5. Idan faifan ya yo waje, wayar da take kan hancin batir ita ce mai alamar +. Kada a yi wannan gwaji a kan tiwita, wato ƙaramar sifikar da take fitar da siririn sauti, domin koyil ɗinta, naɗaɗɗiyar wayar da take motsa faifai, siriri ne ƙwarai.

Wanne ya fi, sifika mai haɗe da tiwita a tsakiyarta ko wadda aka raba su?

Mai haɗen ta fi sauƙin girkawa da arha, kuma idan mazauninta yana sama, kamar a dashbod, tana yin aiki mai kyau. Damuwar ita ce a yawancin motoci mazaunin sifika yana ƙasan ƙofa kusa da ƙafa, shi kuwa siririn sauti miƙewa yake yi ya nufi inda aka fuskantar da shi, ba ya bazuwa kamar mai kauri, don haka ƙafa da kujera da babbar riga suna shanye shi kafin ya kai kunne. Saitin da aka raba yana zuwa da babbar sifika domin ƙofa, da tiwita da za a ɗaga sama, da ƙaramin akwatin kurosoba wanda yake raba musu aiki, yawanci a tsakanin haz 2,500 da 4,000. Ga sifikokin gaba, wannan shi ne zaɓin da ya fi.

Wurare uku ne aka saba ajiye tiwita: ɗan kusurwar da take bayan madubin gefe, ko ginshiƙin gilashin gaba, ko saman dashbod. Kafin a huda ko'ina, a liƙa su na wucin gadi da gam mai fuska biyu, a saurara na 'yan kwanaki, ana canza musu fuska, domin ramin da aka huda a roba ba ya komawa. Duk inda aka zaɓa, na dama da na hagu su kasance a tsayi ɗaya. Kuma kada a taɓa haɗa tiwita kai tsaye da wayar rediyo ba tare da kurosoba ko kafasita ba, domin sauti mai kauri zai ƙona ta.

Yaya zan san girman da zai shiga motata?

A cire tsohuwar a auna. Girman da ya fi yawa a ƙofofin gaba shi ne inci 6.5, amma akwai inci 5.25 da inci 4, kuma wasu samfuran Toyota Camry suna da doguwa mai inci 6 da 9 a gaba. A wasu samfuran Corolla ba da sukuru aka ɗaure sifikar ba, da ribit ne, sai an huda kansa da dirila kafin ta fita. Zurfi ya fi faɗi yaudara, don haka a sauke gilashi har ƙasa, a auna tazarar da take tsakanin mazaunin da gilashin, domin kada maganaɗisu ya tare shi. Idan ana buƙatar zoben da zai ɗago sifikar, a yi amfani da na roba mai tauri. Wanda kafinta ya yanka daga katakon MDF yana kumbura idan ya sha ruwa, sai an shafe shi da fenti ta ko'ina kafin a saka.

An rubuta wat 600 a kwalin sifikar. Wannan yana nufin ta fi mai wat 300 ƙara?

A'a. Babban adadin da ake bugawa a kwali shi ne abin da sifika za ta iya jurewa na ƙiftawar ido, kuma ba shi da amfani wajen zaɓi. Adadin da ake dubawa shi ne wanda aka rubuta RMS a gefensa, wanda ga sifikar ƙofa yakan kasance tsakanin wat 40 da 100. Shi ma yana nuna abin da take iya ɗauka ne, ba ƙarar da za ta bayar ba. Abin da yake nuna ƙara shi ne adadin desibel na saurin amsawarta: sifika mai desibel 91 tana bayar da ƙarar da mai 88 ba za ta bayar ba sai an ninka mata ƙarfi sau biyu. Wanda zai dogara da rediyo kaɗai, wannan adadi ya kamata ya fi ba muhimmanci. A kuma yi hattara da jabun kaya masu ɗauke da sunayen Pioneer ko JBL ko Kenwood, waɗanda sau da yawa ƙanƙantar maganaɗisu da rashin nauyi suke tona asirinsu.

Shin dole ne in saka amfilifaya?

Ba dole ba ne, amma bayan gyaran ƙofa ita ce take kawo canji mafi girma. Rediyon da aka rubuta masa wat 50 sau 4 yana aiki ne da bolt 12 zuwa 14 na batirin mota, kuma da wannan ƙarfi abin da zai iya bai wa sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin tirjiyar sifika ga wuta) ba tare da ya gurɓata sauti ba bai wuce wajen wat 20 ba. Haka abin yake ga manyan rediyoyi masu allon Android. Amfilifaya tana ɗaga bolt ɗin a cikinta, shi ya sa take iya bayar da wat 50 zuwa 75 na gaskiya ga kowace ƙofa, kuma amfanin hakan shi ne bugun kalangu ya fito da nauyinsa ba tare da ya danne murya ba.

Wajen jan waya ba a yin sakaci. A ja wayar wuta kai tsaye daga batir, a saka fis a cikin santimita 45 na farko daga kan batirin, domin aikin wannan fis shi ne hana motar kamawa da wuta idan wayar ta goge ta taɓa bodi. Ga ƙaramar amfilifaya waya mai lamba 8 ta wadatar, babba kuma tana son lamba 4, wadda ta fi kauri. A nemi ta jan ƙarfe zalla, domin mai arhar da aka yi da alminiyam aka shafa mata jan ƙarfe a sama kusan kashi biyu cikin uku na wutar kawai take ɗauka a kauri ɗaya. Motocin da suka zo da amfilifayar kamfani, kamar wasu Toyota masu tsarin JBL, suna da nasu tsarin wayoyi, kuma a nan neman shawarar ƙwararren mai wayarin ya fi gwaji da ka.

Yaya ake saita maɓallin da aka rubuta GAIN a jikin amfilifaya?

Ba maɓallin ƙara murya ba ne, aikinsa daidaita amfilifaya da ƙarfin da rediyo yake aiko mata. Idan aka murɗa shi fiye da ƙima, amfilifayar za ta riƙa datse kan sauti, kuma wannan gurɓataccen sauti yana zafafa koyil har ya ƙone, tiwita ce kuma take fara tafiya. Akwai lissafi mai sauƙi: a ninka wat ɗin da ake so da om na sifika, a ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito. Wat 50 sau om 4 ya ba da 200, tushensa kuwa kusan bolt 14. Sai a cire wayoyin sifika, a mayar da duk saitin rediyo kan sifili, a kai muryarsa kashi uku cikin huɗu, a kunna sautin gwaji na haz 1,000, a ɗora mitar auna wuta a bakin amfilifaya a kan ma'aunin AC, a murɗa maɓallin a hankali har mita ta nuna 14.

Sifikokin suna kakkarwa idan na ƙara murya. Sun lalace ne?

Mai yiwuwa ana ɗora musu sautin da ya fi ƙarfinsu ne. Sifika mai inci 6.5 ba za ta iya fitar da haz 40 da ƙarfi ba, faifanta zai yi ta kai da komowa har iyakarsa, murya kuma ta gurɓace tare da shi. A nemi saitin da aka rubuta HPF a rediyo ko amfilifaya, wanda yake hana sauti mai kauri isa sifika, a ajiye shi a haz 80, ga ƙananan sifikoki masu inci 4 ko 5.25 kuma a kai shi 100 zuwa 120. Idan kakkarwar ta ci gaba ko da murya tana ƙasa, a danna murfin ƙofa da tafin hannu, in ta tsaya to roba ce take kaɗawa. In ba ta tsaya ba, a tura faifan a hankali da yatsu a ji ko yana gogar wani abu, wanda alama ce ta koyil da ya lalace.

Me ya sa nake jin duk sautin yana fitowa daga ƙofar da take kusa da ni?

A Nijeriya da Nijar da Gana direba a hagu yake zaune, don haka sautin sifikar hagu yana riga na dama isa kunnensa, ƙwaƙwalwa kuma tana ɗaukar wanda ya fara isowa a matsayin asalin sautin. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan sifikar hagu tana da nisan santimita 90 daga kai, ta dama kuma 140, bambancin santimita 50 ya kai kusan milisakan 1.5, kuma wannan jinkiri ake ba ta hagun domin su iso tare. Rediyoyi da yawa na Pioneer da Kenwood da Alpine suna da wannan saiti, inda ake shigar da nisan kowace sifika su yi lissafin da kansu. A auna da tef daga tsakiyar kai ana zaune yadda ake tuƙi, sannan a gwada da muryar mai karanta labarai har ta zauna a tsakiyar dashbod. Wanda rediyonsa ba shi da saitin yana iya rage gefen hagu da mataki ɗaya ko biyu, wanda yake taimakawa ko da bai kai na farkon ba. A sani cewa saitin da ya yi wa direba daidai zai ja sautin gefe ga wanda yake kujerar mai zaman banza.

Sautin yana da kaifi har yana gajiyar da kunne. Me zan rage?

A fara da akwatin kurosoba, domin da yawansu suna da wurin rage ƙarfin tiwita da desibel 3. Idan tiwitar tana fuskantar gilashin gaba, a juya ta, domin gilashi yana dawo da siririn sauti da ƙarfi. Bayan haka a rage kaɗan a tsakanin haz 2,000 da 4,000 a ikwalaiza, wato saitin ƙarawa ko rage kowane ɓangaren sauti, domin a nan ne kunne ya fi saurin jin zafi. Ƙa'idar ikwalaiza ita ce ragewa ta fi ƙarawa aminci, saboda ƙarin desibel 6 a wuri ɗaya yana neman ninkin ƙarfi sau huɗu daga amfilifaya.

Yaya zan yi da sifikokin baya da kuma ufa?

Na baya a rage su har sai an daina lura da su daga kujerar gaba, sai dai idan akwai fasinjoji. Ufa kuwa, wato babbar sifikar da take fitar da sauti mai kauri kaɗai, tana taimaka wa sifikokin gaba, domin tana ɗauke musu duk abin da yake ƙasa da haz 80. A ajiye saitin LPF nata, wanda yake hana siririn sauti isa gare ta, a wajen haz 80, a rage ƙarfinta har kunne ya kasa gane cewa daga but take.

Na gama duk wannan, amma wasu waƙoƙin har yanzu ba su da daɗi.

Sifika mai kyau tana bayyana aibin abin da aka ba ta. Fayil ɗin MP3 da aka matse zuwa kilobit 64 ko 96, ko wanda aka ciro daga bidiyon da ya yi ta yawo a WhatsApp, ya riga ya rasa siririn sautinsa, babu saitin da zai dawo da shi. A nemi mai kilobit 256 ko 320. Ƙaramar na'urar da ake sokawa a mazaunin kunna sigari tana aika sauti ta tashar FM ita ma tana rage inganci da ƙara shuu, don haka haɗi ta USB ko Bluetooth na rediyon kansa ya fi ta.

Bayan na saka amfilifaya ina jin wani siririn kuka da yake ƙaruwa idan na taka totur.

Daga altaneto yake, kuma galibi wayar da aka ɗaure a bodi ce ba ta kama da kyau ba. Ta kasance gajera, kaurinta ɗaya da wayar wuta, a kankare fenti har farin ƙarfe ya bayyana kafin a ɗaure ta da noti. A kuma raba hanyar wayar wuta da ta wayoyin RCA masu ɗauko sauti daga rediyo, ɗaya ta bi dama ɗaya ta bi hagu, sannan a duba ko an murɗa GAIN fiye da ƙima.

Akwai haɗarin da ya kamata in kiyaye yayin aikin?

A cire kan batir mai alamar − kafin a taɓa kowace waya, bayan an tabbatar ana da lambar sirrin rediyon idan irin mai kulle kansa ne. Wayoyi da soket masu launin ruwan ɗorawa na jakar iska ne, ba a yanka su, ba a gwada su da mita. A motocin da suke da jakar iska ta gefe, tana buɗewa ne ta saman ginshiƙin gilashin gaba, don haka ba a ɗaure tiwita ko a ratsa waya ta gabanta, sai dai a bi da wayar ta bayanta tare da wayoyin kamfani. Wasu motocin kuma suna da na'urar gane karo a cikin ƙofa wadda take aiki da matsin iska, kuma a irinsu sai an duba littafin motar kafin a sauya yadda ramukan ƙofar suke.